Ecology Law Quarterly: mujallar da ɗalibai ke fitarwa a Kalifoniya, da amfanin da ta yi mini a Kano

Shekara biyu ke nan ina karanta wannan mujalla, kuma ban taɓa biyan ko sisi a kanta ba in ban da kuɗin data. Ni lauya ne a Kano, aikina ya fi yawa a rikicin fili, da gado, da mai gida da ɗan haya. Abin da ya kai ni gare ta wasu manoman rani ne su shida da suka zo ofishina daga wani ƙauye da ke gaɓar kogi, can ƙasa da rukunin masana'antu na Challawa. Sun shigo da gorar ruwa ta roba, ruwan ciki ya yi baƙi-baƙi, da aka buɗe murfin sai da yaron ofis ya tashi ya buɗe taga. Suka ce latas da albasa suna ƙonewa tun ba su isa cira ba, yara kuma in sun shiga kogin sai su fito da ƙaiƙayi. Suna zargin wani kamfanin jima. Dattijon cikinsu ya ce da ni, “Barista, mu ba kuɗin kowa muke nema ba, ruwanmu muke so ya koma yadda muka gaje shi.”

Na karɓi aikin. Da dare na kira wani abokina da ya yi digiri na biyu a Amurka na faɗa masa halin da nake ciki. Washegari ya turo mini makala guda ta WhatsApp, ya ce kada in rubuta takardar ƙara sai na karanta ta. Daga Ecology Law Quarterly take.

Ɗaliban tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ke fitar da mujallar, tun 1971, sau huɗu a shekara. Lokacin da aka kafa ta ba a banza ya zo ba. A 1969 ɗanyen mai ya malala a tekun Santa Barbara, ranar 1 ga Janairun 1970 aka sa hannu a dokar da ta wajabta wa gwamnatin tarayyar Amurka ta binciki illar manyan ayyukanta ga muhalli, a ƙarshen shekarar kuma aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar. Sabon fanni ya buɗe, ɗalibai suka buɗe masa mujalla.

Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne jin cewa ɗalibai ne ke da wuƙa da nama. A Amurka ba a shiga karatun lauya sai an gama digirin farko, sannan a yi shekara uku, don haka waɗannan ɗalibai ba yara ba ne ƙanana. Duk da haka, farfesan da ya shekara talatin yana koyarwa shi zai aika da rubutunsa, ɗalibin aji biyu ko na uku ya ce an karɓa ko ba a karɓa ba, in an karɓa kuma ya bi shi da gyara. Tsohuwar al'ada ce a can. Harvard Law Review tun 1887 ɗalibai ke riƙe da ita, ita ce wadda Barack Obama ya shugabanta a 1990 yana ɗalibi.

Makalar da abokina ya turo ta wani lauya ce mai suna Luke Cole, ta fito a juzu'i na 19, shekarar 1992, ta haura shafi 60. Kwana uku na yi a kanta. Cole lauyan talakawa ne a karkarar Kalifoniya, shi ya tsaya wa mutanen Kettleman City, wani ɗan gari na 'yan ƙwadagon gona, yawancinsu 'yan asalin Meksiko, da yawansu ba sa jin Turanci sai Sifaniyanci. Dama akwai katafaren juji na dagwalon masana'antu kusa da garin. A 1988 kamfanin da ke da jujin ya nemi ya ƙara gina wurin ƙona shara mai guba. Aka rubuta rahoton binciken illar aikin, kusan shafi 1,000, duk da Turanci. Mutanen gari suka yi ta roƙo a fassara musu, hukumar gundumar ta ƙi. Suka kafa ƙungiya, suka kai ƙara. A ƙarshen 1991 alƙali ya soke amincewar da aka ba aikin, cikin dalilansa har da cewa rashin fassarar ya hana mutanen sa baki a abin da ya shafi rayuwarsu. A 1993, bayan fitowar makalar, kamfanin ya janye.

Da na kai kan hukuncin alƙalin sai na ajiye wayar na yi shiru. A Najeriya muna da dokar binciken illar ayyuka ga muhalli tun 1992, kuma ƙa'ida ita ce a baje rahoton na kwana 21 na aiki don jama'a su gani su yi magana. To a ina ake baje shi? A sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin ma'aikata. Da wane harshe? Da Turancin injiniyoyi. Dattijon da ya kawo mini gorar ruwa ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana sauraron labaran duniya a rediyo kullum, amma ko an ɗora masa rahoton a cinya ba abin da zai ɗauka a ciki. Na shekara goma sha biyu ina aikin lauya ban taɓa kallon wannan a matsayin zalunci da za a iya faɗa a gaban alƙali ba. Wani lauya a Kalifoniya ya faɗa, ya kuma yi nasara, ɗalibai suka ga ya cancanci a buga.

Sai dai ba labarin nasarar ne jigon makalar ba, kuma nan ne ta fi taɓa ni. Cole yana jan kunnen lauyoyi ne. A ganinsa, matsalar guba a unguwar talakawa asalinta rashin ƙarfin faɗa a ji ne, kuma lauyan da ya zo ya ɗauke maganar daga bakin mutane ya kai ta kotu, inda shi kaɗai ke da izinin magana, yana iya ƙara raunana su ko da ya ci shari'ar. Ya ba da tambayoyi uku da lauya zai yi wa kansa kafin ya ɗauki kowane mataki: shin matakin zai wayar da kan mutanen, shin zai ƙarfafa haɗin kansu, shin tushen cutar yake nufa ko alamominta kawai. Ni kuwa a daren da abokina ya turo makalar, na riga na fara tsara yadda zan nemi diyya, alhali dattijon da bakinsa ya ce ba kuɗi suke nema ba. Na ji maganarsa da kunne amma ban ɗauke ta ba. Cole ya rasu a 2009 a haɗarin mota a Uganda. Na so a ce yana raye in rubuta masa wasiƙar godiya.

Wannan ne ya sa na shiga rumbun mujallar na fara tono. Tsofaffin fitowa da sababbi suna nan a intanet a matsayin PDF, ba rajista, ba katin banki. Wanda ya taɓa bin sawun wata makala har ya kai ga shafin da ake neman daloli kafin a buɗe masa ya san darajar wannan. Ina saukewa da dare lokacin da data ta fi sauƙi, in buga masu muhimmanci a shagon kwamfuta na kusa da kotu, in riƙa ja musu layi da jan biro.

Abu na biyu da ya sa na amince da ita shi ne ba ta zama bakin ɓangare ɗaya ba. Tun zanga-zangar gundumar Warren a Arewacin Karolina a 1982, inda aka kama mutum sama da 500 saboda sun tare motocin da ke kai ƙasa mai guba yankin da yawancin mazaunansa baƙaƙen fata ne, da rahoton da wata majami'a ta fitar a 1987 wanda ya nuna launin fata ne ya fi komai nuna inda jujin guba yake, masu fafutika suka tsaya a kan cewa da gangan ake kai wa marasa galihu guba. A 1997 wannan mujalla ta buga dogon bincike na Vicki Been da Francis Gupta da ya yi tambayar da masu fafutikar ba su cika son ji ba: wa ya riga wani zuwa, jujin ko mutanen? Suka bi alƙaluman ƙidayar jama'a na shekarun baya suna duba yadda unguwannin suke a lokacin da aka kafa wuraren. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ɗari bisa ɗari ba. Sun ga alamar an fi kai wuraren unguwannin masu jin Sifaniyanci, ba su ga hujja mai ƙarfi irin wannan ba game da unguwannin baƙaƙen fata a tsakanin 1970 da 1990, haka kuma ba su ga wata babbar shaida cewa zuwan jujin ne ya canza mazauna unguwa daga baya ba. Ɗaliban da suka zaɓi aiki a mujallar muhalli, ba sai an faɗa ba, zuciyarsu na tare da masu fafutika. Duk da haka suka buga. Na girmama su a kan wannan.

Tambayar kuma tamu ce. Duk wanda ya san Sharaɗa da Bompai ya san gidaje sun bi masana'antu sun kewaye su, kuma abin da lauyan kamfani zai fara faɗa shi ne, ku kuka zo kuka same mu. A dokar da muka gada daga Ingila, tun hukuncin Sturges da Bridgman na 1879, wannan ba kariya ba ce ga mai cutar da maƙwabci. Amma sanin yadda aka yi muhawarar da alƙaluma a wani wuri ya sa na koma ƙauyen na nemi tsofaffi su faɗa mini tun yaushe ake noman rani a fadamar. Kakanninsu ne suka fara, tun ba a aza tubalin ko masana'anta ɗaya ba.

Game da ingancin aikin, abin da ɗaliban suka fi ƙwarewa a kai shi ne bin diddigi. Al'adar mujallun lauya na Amurka ita ce duk bayanin da marubuci ya jingina ga wani hukunci ko littafi, sai an sa ɗalibi ya nemo asalin ya tabbatar maganar tana shafin da aka ce. Na gwada su. Na ɗauki hukunce-hukunce kusan ashirin da aka ambata a ƙasan shafukan makala biyu na neme su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na iya samu a intanet, abin da aka ce ya ƙunsa shi na tarar. Lauyan da ya taɓa miƙewa gaban alƙali da hujjar da ya kwafo daga wani littafi, alƙali ya buɗe ya ga ba haka take ba, shi zai gane abin da nake yabo.

Cikin fitowa huɗu na shekara, ɗaya ta ɗalibai ce zalla, suna bitar manyan hukunce-hukuncen muhalli na shekarar da ta gabata. Ita nake ba wanda zai fara shawarar ya buɗe. Rubuce-rubucen sun fi gajarta, kuma da yake ɗalibi bai daɗe da koyon abin ba, yakan yi bayani daga tushe, ba ya tsallake matakala kamar yadda farfesoshi kan yi. Ingancinsu kam ba ɗaya ba ne. Wani za ka karanta ka rantse alƙali ne ya rubuta, wani kuma za ka ga ɗalibin ya riga ya yanke hukunci a ransa kafin ya fara, sai ya yi ta jan hujjoji zuwa inda yake so. Tunda kowace shekara masu riƙe da mujallar canzawa suke yi, haka abin zai kasance.

Ta ɓangaren 'yancin ɗan ƙasa, a nan na fahimci yadda ƙofa ɗaya kan rufe a kotu ta shafi dubban mutane. Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta hana duk hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambancin launin fata. Lauyoyin muhalli suka riƙa amfani da ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashinta suna cewa ba sai an tabbatar da mugun nufi ba, ya isa a nuna cutar ta fi sauka a kan wani jinsi. A watan Afrilun 2001 mutanen wata unguwa a Camden, jihar New Jersey, suka samu umarnin kotu na dakatar da wani kamfanin siminti da wannan hujja. Kwana biyar bayan haka Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke a shari'ar Alexander da Sandoval cewa ɗaiɗaikun mutane ba su da hurumin kai irin wannan ƙara. Ita kuwa shari'ar Sandoval ba ta muhalli ba ce, a kan jarrabawar lasisin tuƙi ce da jihar Alabama ta ce da Turanci kaɗai za a yi. Harshe ne dai ya sake fitowa. Wanda yake son zurfafawa a wannan ɓangare sai ya haɗa da Harvard Civil Rights-Civil Liberties Law Review, ita ma ta ɗalibai ce, tun 1966 take fitowa.

Yanzu ga inda ba ta gamsar da ni ba. Tsawon makalolin ya wuce kima. Maganar da za a gama a shafi ashirin sai a kai ta sittin, wani shafin layi huɗu ne na rubutu a sama, sauran duk bayanan ƙasan shafi da ƙananan haruffa. A waya karanta wannan azaba ce ga ido. Turancin ma mai nauyi ne, na waɗanda suka riga suka san tsarin kotunan Amurka, ba za a tsaya a yi maka bayanin bambancin kotun jiha da ta tarayya ba. Ban ba wanda ba lauya ba ko ɗalibin lauya shawarar ya fara da manyan makalolin.

Sannan tana da nawa. Kafin a karɓi rubutu, a gyara, a bi diddigi, a buga, shekara na iya shuɗewa, doka kuwa ba ta jira. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe ƙa'idar Chevron ta 1984, ta cewa kotu ta bi fassarar hukuma mai ma'ana in doka ba ta fito fili ba, wadda shekara arba'in ana gina rubuce-rubucen dokar muhalli a kanta. A Janairun 2025 aka soke umarnin shugaban ƙasa na 1994 da ya wajabta wa hukumomin tarayya kula da adalcin muhalli ga marasa rinjaye da matalauta. Duk makalar da ka ɗauko, duba shekararta tukuna, ka bincika ko abin da ta dogara da shi yana nan da rai. Suna da wani sashe a intanet mai suna Ecology Law Currents na gajerun rubuce-rubuce da ke fitowa da wuri, yana rage wannan giɓi.

Akwai kuma sukar da manyan masana a can suka daɗe suna yi wa duk tsarin, cewa ɗalibi bai kai ya auna rubutun gwani ba, musamman in rubutun ya shiga lissafi ko kimiyya, kuma ana zargin sunan jami'ar marubuci kan rinjayi zaɓi. Sukar tana da tushe. Bin diddigin shafi daban, gane ko hanyar binciken daidai take daban. In makala ta kawo alƙaluman kimiyya, ni dai sai na kai wa wani malamin kimiyyar ruwa da muke masallaci ɗaya ya duba mini kafin in yarda.

Babban abin da ya kamata lauyan Najeriya ya riƙe shi ne, mujallar Amurka ce, dokar Amurka take tattaunawa. Afirka jefi-jefi take leƙowa. Hukuncin kotun Kalifoniya ba ya ɗaure alƙalinmu. Abin da zan tsaya a kai a kotu namu ne: sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 da ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, duk da sashe na 6(6)(c), da ke hana kotu tilasta irin wannan tanadi, ya daɗe yana tare hanya, sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda ta zama dokar ƙasa, sashen da ya ba jama'a haƙƙin samun muhalli mai kyau, hukuncin Gbemre na 2005 a babbar kotun tarayya ta Benin kan ƙona iskar gas, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a ƙarar Centre for Oil Pollution Watch, wanda ya faɗaɗa hurumin ƙungiyoyi na kai ƙarar gurɓata muhalli. Ba a mujallar na samo waɗannan ba. Abin da na samo a cikinta shi ne yadda zan zauna da mutanen da suka kawo mini kuka.

Ban shigar da ƙarar a watan da na yi niyya ba. Na koma ƙauyen ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari. Na zo da shafi huɗu da na rubuta da Hausa: abin da doka ta ce game da zubar da ruwan masana'anta, hukumomin da ke da alhakin sa ido, abin da kotu za ta iya yi da abin da ba za ta iya ba, da shekarun da shari'a kan ci. Wani malamin firamare na garin ya karanta da ƙarfi. Aka yi ta tambaya har la'asar ta kawo jiki. Mai gari ya ce, “Barista, ashe mu ma muna iya rubuta wa hukuma da kanmu?” Na ce, “Ranka ya daɗe, takardarku da hannunku ta fi tawa nauyi.” A nan suka zaɓi mutum bakwai, har da mata biyu da ke sarin kayan lambun suna kaiwa kasuwa, su ne ke riƙe da littafin da ake rubuta ranar da ruwa ya canza kala da gonar da ta ƙone. Su suka yanke shawarar a fara da gwajin ruwa da koke ga hukuma, kotu ta zo daga baya in an ƙi ji.

An ɗebi ruwan sau uku, rani da damina da kaka, sakamako biyu sun fito, muna jiran na uku. Ɗalibar da ke zaman koyon aiki a ofishina, 'yar aji huɗu, ita ke tafiya da ni duk zuwa, ita ta fassara sakamakon gwajin zuwa Hausa. Makon jiya ta ce, “Yallaɓai, ina so in rubuta wani abu a kan harshen da ake baje rahoton muhalli da shi, in kai mujallar ɗalibai ta tsangayarmu.” Na ɗauko mata makalar Cole da duk jan biron da na yi mata, na haɗa mata da fitowar ɗalibai ta bara, na ce ta kawo mini daftarin farko bayan Sallah.